Tsimin Makamashi Wajen Sanyaya da Ɗumama Manyan Gine-ginen Kasuwanci: Tambayoyi da Amsoshi

Wannan shafi na masu kula da manyan gine-gine ne, irin su ofisoshi, otal-otal, manyan kantuna, bankuna, asibitoci da duk inda jama'a ke wuni suna hada-hada ƙarƙashin rufi ɗaya. Tambayoyin su ne waɗanda masu gini, manajoji da injiniyoyi suka fi yi idan kuɗin wuta ya fara yi musu nauyi. Ra'ayinmu a fili yake tun daga nan: mafi yawan ɓarnar makamashi a irin waɗannan gine-gine daga yadda ake tafiyar da na'urorin take fitowa, kuma ana iya toshe babban ɓangarenta kafin a sayi sabon inji ko ɗaya.

Wane kaso na makamashin gini ne sanyayawa da ɗumamawa ke ci?

Ya danganta da yanayin ƙasar da irin aikin da ake yi a ginin, amma a ofis ko otal da wuya a sami abin da ya kai su ci. Idan aka haɗa injinan sanyi, tukwanen ɗumama ruwa, da fankoki da famfunan da ke zagayawa da iska da ruwa, a gine-gine da yawa sukan kwashe kusan kashi 40 cikin 100 na makamashin ginin, wani wurin ma fiye. A Amurka, ƙidayar da hukumar tattara bayanan makamashi ta ƙasar ta yi a 2018 ta nuna ɗumama ɗakuna kaɗai ya ci kusan kashi ɗaya bisa uku na makamashin gine-ginen kasuwanci. A ƙasashe masu zafi lissafin juyawa yake yi, sanyi ne ke kan gaba.

Hukumar Makamashi ta Duniya, IEA, ta ƙiyasta a 2018 cewa iyakwandishan da fankoki na shan kusan kashi 10 cikin 100 na wutar lantarkin duniya baki ɗaya, kuma muddin ba a inganta su ba, buƙatar za ta ninka sau uku kafin 2050. A lokacin akwai iyakwandishan biliyan 1.6 a duniya, ana hasashen su kai biliyan 5.6.

Idan aka ce na'ura tana da inganci, me ake aunawa?

Iyakwandishan ba ta ƙirƙirar sanyi. Zafin cikin gini take kwasa ta zubar a waje, wutar da take sha kuwa tamkar kuɗin dako ce. To tambayar ita ce, zafi nawa ta kwashe da kowane kilowat ɗin da aka ba ta? Wannan lissafi shi ake kira COP. Na'urar da ta sha kilowat 1 ta fitar da zafi kilowat 3, COP ɗinta 3 ne. Duk yadda lambar ta hau, haka ingancin yake ƙaruwa.

A takardun masu sayarwa za ku ci karo da EER, wanda lissafi ɗaya ne da wani ma'auni na daban. Idan kuka raba EER da 3.41 za ku sami COP. Akwai SEER, mai duba aikin na'ura a tsawon kakar zafi gaba ɗaya. Manyan injinan sanyaya ruwa, waɗanda ma'aikata ke kira cila, akan auna su da kilowat nawa suke sha a kowane tan na sanyi, kuma a nan ƙaramar lamba ce abin so.

Shawararmu, kada lambar da aka samu lokacin da inji ke aiki da dukkan ƙarfinsa ta ɗauke muku hankali. Gini ba ya kaiwa ƙololuwar buƙatarsa sai 'yan sa'o'i a shekara. Shi ya sa ma'aunin IPLV, da ake gwada cila da shi, ya ba cikakken aiki kashi 1 kacal cikin 100 na maki, ya ba aiki a kashi uku bisa huɗu na ƙarfi kashi 42, aiki a rabin ƙarfi kashi 45, aiki a rubu'i kashi 12. Inji biyu na iya yin kunnen doki a cikakken aiki, amma a rabin aiki ɗaya ya yi wa ɗaya fintinkau, kuma a rabin aikin nan ne shekara ke ƙarewa.

Mene ne tan da BTU da ake rubutawa a jikin na'urori?

Girman aikin na'ura suke nunawa, ba ingancinta ba. BTU ma'aunin zafi ne, kuma tan ɗaya na sanyi daidai yake da BTU 12,000 a sa'a, ko kusan kilowat 3.5 na zafin da ake kwashewa.

Kuɗin wutarmu ya yi yawa. Mu fara da sauya tsofaffin injuna?

A'a, sai dai idan injin ya riga ya mutu ko ya zama haɗari. Sauya inji shi ne mataki mafi tsada, kuma wanda ya fara da shi yakan sayi sabon inji ya ɗora shi kan tsohuwar ɓarna.

Ku fara da duba lokutan aiki. Mako yana da sa'o'i 168. Ofishin da ake buɗewa sa'o'i 60 a mako babu kowa a cikinsa na sa'o'i 108, wato kusan kashi biyu bisa uku na lokacin. Ku nemi bayanan mita na kowace sa'a, ko ku sa a riƙa karanta mitar da dare da ranakun hutu. Idan abin da ginin ke sha da ƙarfe biyun dare ya kusa rabin na tsakar rana, akwai abin da ke kunne wanda babu mai amfana da shi. Sau da yawa dalilin ƙarami ne. Wani ya sauya agogon na'ura saboda taron dare ɗaya bai mayar ba, ko an bar maɓalli a kan aikin hannu bayan gyara, ko ana sanyaya hawa goma saboda ɗakin kwamfutoci ɗaya. Irin wannan ɗaki a ba shi ƙaramar na'urarsa, a bar sauran ginin ya huta.

Bayan lokuta sai saiti: digirin ɗakuna, sanyin ruwan da cila ke fitarwa, ƙarfin turin fankoki da famfuna. Bayan saiti sai gyare-gyaren da aka daɗe ana ɗagawa. Daga nan a rage zafin da ke shigowa ta tagogi da rufi da fitilu. Sai an gama waɗannan za a san ainihin girman injin da ginin ke buƙata, kuma galibi ya gaza wanda ake da shi.

Bin na'urorin gini ɗaya bayan ɗaya a tabbatar suna aiki yadda aka tsara sana'a ce mai zaman kanta, kuma an auna amfaninta. Wani bincike da cibiyar Lawrence Berkeley ta Amurka ta fitar a 2009, wanda ya duba gine-gine 643, ya gano cewa a tsofaffin gine-gine matsakaicin ragin ya kai kashi 16 cikin 100 na makamashin ginin baki ɗaya, kuma kuɗin aikin ya dawo cikin shekara ɗaya da 'yan makonni. Ba mu san wani sabon inji da ke mayar da kuɗinsa da wannan sauri ba.

Ai gara a sayi babbar na'ura don kada ta gaza ranar tsananin zafi, ko ba haka ba?

Wannan tunani ya yi wa gine-gine da yawa illa. Mai zane ya ƙara kaɗan don kariya, ɗan kwangila ya ƙara nasa, mai gini ya ce a ƙara saboda gaba, sai a wayi gari da injin da ya kusa ninka buƙata. Babbar na'ura takan sanyaya ɗaki cikin 'yan mintuna ta tsaya, ta sake tashi, ta sake tsayawa. Yawan tashi da tsayawa yana gajiyar da kwampireso, wato injin da ke matse gas ɗin sanyi, yana kuma cin wuta a banza.

Akwai wata illar da ba a cika lura da ita ba, wato laima. Iyakwandishan tana tsotse danshin iska ne idan ta daɗe tana aiki, ƙarfen sanyinta ya yi raɓa ruwan ya zuba. Wadda ke tsayawa da wuri takan bar ɗaki da sanyi amma jiki na danƙo, sai mutane su ƙara sauke digiri, wuta ta ƙara tafiya. Na'urar da Willis Carrier ya tsara a 1902 don wata maɗaba'a a Brooklyn ta birnin New York, wadda ake ɗauka mafarin iyakwandishan ta zamani, laima aka yi ta ta rage saboda takarda na kumbura launuka suna kaucewa.

Maganin shi ne a yi lissafin zafin ginin da gaske, ɗaki bayan ɗaki. Idan ana tsoron lalacewa, gara matsakaitan injuna biyu ko uku da ke shiga aiki bi da bi, da ƙaton inji guda.

A kan digiri nawa ya kamata a saita ɗakuna?

A lokacin sanyayawa, yawancin masu aikin zaune sukan ji daɗi tsakanin digiri 24 da 26 a ma'aunin Salshiyas idan laima ba ta yi yawa ba. A lokacin ɗumamawa kuwa, tsakanin 19 da 21. Wasu gwamnatoci sun sa baki a maganar. Japan ta fara gangamin Cool Biz a 2005, inda aka nemi ofisoshi su tsaya a digiri 28 ma'aikata kuma su ajiye kwat da nakatai. Indiya ta wajabta wa masu ƙera iyakwandishan su fito da ita a saite kan digiri 24 tun daga Janairun 2020, kuma hukumar tsimin makamashinta ta ƙiyasta ragin kusan kashi 6 cikin 100 a kowane digiri ɗaya da aka ɗaga. Sifaniya a 2022 ta hana ofisoshi da kantuna sanyayawa ƙasa da digiri 27 ko ɗumamawa sama da 19.

Mu dai muna ganin 28 ya yi wa mutane da yawa tsauri idan iska ba ta motsi. Ma'aikacin da ke gumi ba ya aikin kirki, kuma albashin mutanen da ke cikin gini ya ninka kuɗin wutarsa sau da yawa. Fankar silin takan sa a ɗaga saiti da digiri biyu ba tare da kowa ya koka ba, ita kuwa wutar da take sha ba ta taka kara ta karya ba. A ɗaga a hankali, rabin digiri a lokaci guda, ana sauraron mutane.

Sauke rimot zuwa 16 ba ya sa na'ura mai gudu ɗaya ta yi sauri. Hana ta tsayawa kawai yake yi.

Ana ta maganar na'urar rage gudun motar lantarkin da ke juya fanka ko famfo. Da gaske tana rage wuta sosai?

Ƙwarai. A fankoki da famfuna, wutar da motar lantarki ke sha ba ta sauka daidai da gudunta, ta fi gudun saurin sauka nesa ba kusa ba. Idan aka mayar da gudu kashi 80 cikin 100, lissafin shi ne 0.8 sau 0.8 sau 0.8, wato kusan rabin wutar. Idan aka mayar da shi rabi, wutar ta koma kashi ɗaya bisa takwas. Fankar da ke shan kilowat 30 za ta iya komawa wajen 16 don kawai an rage mata kashi ɗaya bisa biyar na gudu. A aikace ragin yakan ɗan gaza haka, musamman a famfon da ke tura ruwa sama, amma duk da haka yana da yawa.

A tsofaffin gine-gine mota kan yi gudu ɗaya dare da rana, sai a matse bawul ko a rufe murfin bututu don rage abin da ke wucewa. An biya kuɗin turin, an kuma toshe shi. Na'urar rage gudu, wadda ake kira VFD, tana barin mota ta bi buƙata. Sharaɗin shi ne a haɗa ta da ma'aunin da zai gaya mata buƙatar. Wadda aka girka aka bar ta a kan cikakken gudu, an yi ba a yi ba ke nan.

Wai gini zai iya sanyayawa da ɗumamawa a lokaci guda?

Yana yi, kuma babu mai ji a jikinsa, domin ɗakin yakan zauna daidai. A manyan ofisoshi akan sanyaya iska zuwa wajen digiri 13 a aika ta ko'ina, sai ɗakin da sanyin ya yi wa yawa ya sake ɗumama tasa da 'yar hita a bakin bututu. Idan an saita mafi ƙarancin iskar da ke shiga ɗakuna sama da kima, ko bawul ɗin ruwan zafi yana yoyo, injunan biyu sukan wuni suna kokawa da juna. A bar tazarar aƙalla digiri 2 zuwa 3 tsakanin inda ɗumamawa ke tsayawa da inda sanyayawa ke farawa. Idan kuka ga tukunyar ɗumama ɗakuna tana ci a tsakiyar lokacin zafi, ku bi sawu.

Wanne ya fi: cila mai huce zafi da ruwa, mai hucewa da iska, ko VRF?

Babu amsa guda ga kowane gini. Babbar cila mai huce zafinta a hasumiyar ruwa takan sha tsakanin kilowat 0.5 da 0.6 a kowane tan, mai hucewa da iska kuwa wajen 1.0 zuwa 1.2. A ido ta farko ta ninka ta biyu a inganci, amma sai an ƙara wutar famfuna da fankar hasumiya, da ruwan da ke tafiya a tururi, da magungunan ruwa, da ma'aikacin da ya san aikin. A ƙaton gini mai aiki dare da rana ta ruwa takan yi nasara. Inda ruwa ke da wuya ko babu ƙwararren mai kula, ta iska ta fi kwanciyar hankali.

VRF, wanda kamfanin Daikin na Japan ya fara fitarwa a 1982, yana aika gas ɗin sanyi kai tsaye zuwa ɗakuna da yawa daga injin waje mai sauya gudu. Ya dace da matsakaitan gine-gine masu ɗakuna da ba a amfani da su lokaci guda. Rauninsa shi ne dogayen bututan gas masu mahaɗai da yawa, inda yoyo ke da wuyar ganowa, kuma dole a yi masa hanyar shigo da iskar waje ta daban.

Ga masu cila akwai gyara mai arha. An saba fitar da ruwa a digiri 7 ya dawo a 12. A ranakun da zafi da laima suka sauka ana iya ɗaga shi, kuma kowane digiri ɗaya yakan rage wutar cila da kusan kashi 2 zuwa 3 cikin 100.

A ɓangaren ɗumamawa fa, tukunyar gas ko famfon zafi?

Hitar lantarki ta waya tana ba da kilowat 1 na zafi a kowane kilowat 1 na wuta, ba ta wuce nan. Tsohuwar tukunyar gas ko mai takan mayar da kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na abin da ta ƙona zuwa zafi mai amfani, sauran ya bi hayaƙi. Sabuwar tukunya mai tatsar zafin tururin hayaƙi tana wuce kashi 90, amma sai ruwan da ke dawo mata ya sauka ƙasa da kusan digiri 55. Gine-gine da yawa sun sayi irin wannan tukunya suka ci gaba da zagaya ruwa a digiri 80, ba ta taɓa yin aikin da aka saye ta dominsa ba.

Famfon zafi iyakwandishan ce da aka juya, tana ɗebo zafi daga iskar waje ko ƙasa ko ruwa ta shigo da shi ciki. COP ɗinta kan kai 3 zuwa 4 a matsakaicin sanyi, yana raguwa idan sanyi ya tsananta. Duk da haka ƙasashen da suka fi rungumarta su ne masu tsananin hunturu, Norway da Sweden da Finland. Ko za ta fi gas arha, wannan ya rataya ga tazarar farashin wuta da gas a wurin, da kuma ko ginin zai ɗumamu da ruwa mai matsakaicin zafi.

Otal-otal da asibitoci suna da wata dama ta musamman, domin suna buƙatar sanyi da ruwan zafi a lokaci guda. Zafin da cila ke zubarwa a waje ana iya kama shi a ɗumama ruwan wanka da wanki. Abin takaici ne a ga gini yana biyan kuɗi ya zubar da zafi a rufinsa, yana kuma ƙona mai a ƙasansa don ya samar da wani.

Idan muka rufe hanyar shigowar iskar waje, ba za mu rage wuta ba?

Za ku rage, amma da lafiyar mutane za ku biya, kuma ba mu goyon bayan haka ko kaɗan. Ɗakin da ba a sabunta iskarsa yana tara numfashi, warin fenti da kayan ɗaki, da ƙwayoyin cuta. Annobar korona ta 2020 ta tuna wa duniya wannan. Ƙa'idar ASHRAE 62.1, ta ƙungiyar injiniyoyin sanyaya da ɗumama gini ta Amurka, da makamantanta sun fayyace mafi ƙarancin iskar da za a shigar gwargwadon yawan mutane da faɗin wuri.

Hanyar da ta dace ita ce a shigar da iska daidai da mutanen da ke ciki. Iskar waje tana ɗauke da kabon dayoksaid kusan 420 cikin miliyan. Idan ta ɗaki ta haura 1,000, alama ce iskar ta fara yin kaɗan. Ma'aunin wannan iska zai iya buɗe murfin bututu idan zauren taro ya cika, ya rage idan an watse. Sannan akwai na'urar musayar zafi tsakanin iskar da ke fita da mai shigowa, wadda kan ceto fiye da rabin sanyi ko ɗumin da da an zubar. A wuraren da dare ko wasu watanni ke da sanyi da bushewa, iskar waje ita kanta takan sanyaya gini ba tare da kwampireso ya tashi ba. Sai dai murafun da ke wannan aiki suna yawan maƙalewa, wanda ya maƙale a buɗe a ranar zafi kuwa ɓarnarsa ta fi amfaninsa.

Tagogi da rufi da fitilu, mene ne haɗinsu da injin sanyi?

Duk zafin da aka hana shiga, an huta da biyan kuɗin fitar da shi. Rana a tsakiyar sama tana sauke kusan wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita. Tagogin gabas da yamma sun fi wahalarwa, domin rana na dukan su kai tsaye tana ƙasa-ƙasa. Inuwar da aka yi daga waje, ta rumfa ko faifan ƙarfe, ta fi labulen ciki aiki, saboda shi labule sai zafin ya riga ya ƙetare gilashi yake tare shi. Farin rufi yana mayar da yawancin hasken rana sama, baƙi kuwa yakan wuce digiri 65 da tsakar rana. Kowane wat da fitila ko kwamfuta ta sha a ciki zafi yake komawa, kowane mutum a zaune kuma yana fitar da wat 100 ko fiye. Sauya fitilu zuwa LED riba biyu ce a ginin da ake sanyayawa.

Benen Empire State na New York, wanda aka kammala a 1931, misali ne mai kyau. A gyaran da aka fara a 2009 an sabunta tagoginsa 6,514 a cikin ginin kansa, an sa abin tare zafi a bayan hitocin bango, an gyara fitilu da na'urorin sarrafawa, da burin rage makamashi da kashi 38 cikin 100. Da buƙatar sanyi ta sauka, sai aka gyara cilolin da ake da su, aka fasa sayen sababbi mafi girma.

Wane gyara ne bai kamata a ɗaga ba?

Matatar iska da ta toshe tana wahalar da fanka. Ƙarfen sanyi ko na huce zafi da ƙura ta lulluɓe yana tilasta wa kwampireso ƙarin turi. Gishirin ruwa da ya daskare a bututan cila, ko da siriri ne, yana hana zafi wucewa. Gas da ya ragu alamar yoyo ce, ƙara shi kowace shekara ba tare da neman ramin ba asara ce kan asara. A duba bel ɗin fankoki, rigar bututan ruwan sanyi, da mahaɗan bututan iska a cikin silin. A kuma gwada ma'aunan zafi da wani amintaccen ma'auni, domin wanda ya kauce da digiri biyu zai sa kwamfutar ginin ta yi ta yanke hukunci a kan ƙarya.

Akwai wurin da ba a yin tsimi. Ƙwayar cutar Legionella, wadda aka gano bayan ɓarkewar da ta hallaka mahalarta wani taron tsofaffin sojoji a Philadelphia a 1976, tana yaɗuwa a ruwa mai ɗumi tsakanin digiri 20 da 45. Hasumiyar ruwan da ba a wankewa ba a sa mata magani tana iya fesa ta cikin iska. Haka tankin ruwan zafi, a bar shi a digiri 60, kada a sauke shi don rage kuɗi.

An ce za a daina amfani da gas ɗin da ke cikin na'urorinmu. Gaskiya ne?

Ya danganta da wanne ne. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka kawar da gas masu huda rigar ozon, kuma R-22 na cikin waɗanda ake janyewa. Gyaran da aka yi mata a Kigali a 2016 ya ƙara da rage waɗanda suka gaje su, saboda ɗumamar yanayi. Kilo ɗaya na R-410A da ya tsere daidai yake da kusan kilo 2,088 na kabon dayoksaid, R-134a kusan 1,430, R-32 kusan 675. Kowace ƙasa da jadawalinta. Ba dole ba ne a cire injin da ke aiki lafiya, amma mai sayen injin da zai yi shekara ashirin ya tambayi ko gas ɗinsa zai samu har ƙarshen rayuwarsa. Wasu sababbin suna iya kama wuta, don haka kada a zuba su a injin da ba don su aka ƙera shi ba.

Akwai hanyoyin sanyaya gini ba tare da dogaro ga kwampireso kaɗai ba?

Akwai, inda yanayi ya ba da dama. A busasshen wuri, ratsa iska ta cikin jiƙaƙƙen abu yana sanyaya ta da wuta kaɗan, amma a wuri mai laima ba ya aiki. Birnin Toronto na Kanada tun 2004 yake sanyaya manyan benayensa da ruwan ƙasan tafkin Ontario, mai digiri 4 duk shekara. Wasu gine-gine kuma suna yin ƙanƙara da dare su narkar da ita da rana. Wannan ba lallai ya rage jimillar wuta ba, amma yana kawar da shan ta daga sa'o'in da ta fi tsada.

Mu 'yan haya ne, injunan na mai gini ne. Me za mu iya yi?

Wannan tsohuwar matsala ce: mai gini ke sayen inji, ɗan haya ke biyan wuta, don haka babu mai ƙwarin gwiwar gyarawa. Ku nemi a sa wa ɓangarenku mitarsa, domin kuɗin da ake rabawa gwargwadon faɗin wuri ba ya saka wa mai tsimi. Lokacin sabunta yarjejeniya a rubuta lokutan aikin na'urori, digirin da aka amince, da yadda za a raba kuɗin gyara da ribarsa. Wasu ƙasashe sun mayar da abin doka. A Ostireliya dole ne a bayyana makin NABERS, wato makin tsimin makamashi, na babban ofis kafin a sayar ko a ba da haya, Tarayyar Turai ta kawo takardar shaidar makamashin gini tun dokarta ta 2002, birnin New York kuma ya kafa doka a 2019 da ta ƙayyade hayaƙin gine-ginen da suka wuce ƙafa murabba'i 25,000.

Ta yaya za mu tabbatar ragin da aka yi mana alkawari ya samu?

Kafin a taɓa komai, a tattara takardun wuta da na mai na aƙalla wata 12, a raba jimillar da faɗin ginin a sami abin da kowace murabba'in mita ke ci a shekara. Da wannan za a gwada ginin da kansa da kuma ire-irensa. Bayan gyara a kwatanta wata da takwaransa na bara, ana la'akari da bambancin zafin shekarun biyu da yawan mutanen da ke ciki, in ba haka ba shekara mai sauƙin zafi za ta sa a yaba wa aikin da bai yi komai ba. A sa wa cila da manyan fankoki mitocinsu daban. Idan ɗan kwangila ya yi alkawarin kaso, a rubuta yadda za a auna shi tun kafin a sa hannu.

Ragin da aka samu yakan zube cikin 'yan shekaru idan babu mai bibiya, domin saiti na kaucewa, ma'aikata na sauyawa. Ƙa'idar ISO 50001, da aka fitar a 2011, ta tanadi tsarin wannan bibiya ga manyan ma'aikatu. Ƙaramin gini kuwa ya wadatu da mutum ɗaya da aka ɗora wa alhakin duba mita kowane mako, aka kuma ba shi ikon tambayar dalilin duk wani tashi da ya gani.